Murfin Tagar Da Ruwa Bai Ci Ba

Akwai wani kafinta a Roni, zamanin da Turawa ke mulki, ana kiransa Na'Allah.

Shekara goma sha ɗaya ya yi ba ya gida. Tun yana saurayi ya bi jirgin ƙasa, ya koyi aikin katako a inda ake gyaran taragai a Zariya, daga nan Ikko, daga Ikko Fatakwal. Irin mutanen nan ne da in sun kwana biyu a gari sai ƙafarsu ta fara ƙaiƙayi. Wasiƙa biyu kacal ya taɓa aikowa gida, ita ma ta biyun da boko ya rubuta, sai da ta shekara a cikin kwalla kafin a sami mai karantawa.

Ranar da ya dawo, bayan kaka, ya tarar da mahaifiyarsa Tasalla zaune a inuwar rumbu tana tsince wake. Ta ɗaga kai ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Baƙo."

Daga ranar sunan ya bi shi a bakinta. Baƙo ga tuwo. Baƙo ka rufe ƙofa. Ba faɗa, ba gori, amma duk sanda ta faɗa sai ya ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji.

Tasalla 'yar Kanya Babba ce, aure ya kawo ta Roni. Tana da ƙanwa guda a can, Saude, rabonsu da juna shekara ashirin da wani abu. Ciwon ƙugu ya hana ta hawa jaki, motar gyaɗa kuwa ko ta samu, tsohuwa ba ta iya zaman saman buhuna.

Sai dai kullum da safe, in ta idar da salla, takan ce, "Yau ma na je Kanya."

A mafarki take zuwa. Takan ba shi labarin filin bayan garinsu da almuru, yadda ƙasan samaniya ke yin ja kamar garwashi, samanta kuma shuɗi mai duhu, ita da Saude suna dawowa daga rijiya, ruwan tulu yana ɗiga a wuyansu. In tana wannan labari idonta ba ya kan kowa.

Ana cikin rani wani falke da ke cin kasuwar Babura ya kawo saƙo. Saude tana kwance tun kaka, jiki ya ƙi, kuma ba ta da zance sai na yayarta.

Tasalla ta ci gaba da kaɗa mazarinta, zaren yana tsinkewa tana ƙullawa.

Na'Allah ya ce, "Inna, zan kai ki."

"A kan me, Baƙo? A bayanka?"

"A cikin ɗaki. Ɗakin ne zai yi tafiya, ke kina kwance."

Ta yi murmushi irin wanda ake yi wa mai zazzaɓi in yana sambatu.

Amma da gaske yake. Ya samo ƙafafun wata matacciyar mota da aka yar a hanyar Kazaure, tayoyinta biyu da sauran rai. Ya tara akwatunan katako na kanti, ya ɓalle su, ya goge rubutun Turancin da ke jiki. Ya buɗe garewanin kananzir ya daddale su ya yi rufi. A ciki ya yi gado daidai tsawon Inna, da gurbin tulu, da maratayar buta, da taga guda a gefen da kanta zai kasance.

Maƙwabcinsu Hamma, Bafillatani mai garmar shanu, ya yarda zai ba da aron bijimai biyu.

Ya ce, "Naka ne har ruwa ya zauna. Amma ranar da aka fara huɗa, ko a bakin duniya kake ka dawo mini da su. Gonata ba ta san zumunci ba."

Wato in ba a tafi kafin huɗa ba, sai baɗi. Tsofaffi biyu kuwa, ɗaya a kwance, ba wanda ya isa ya yi musu alkawarin baɗi.

Da ɗaki ya tashi, Na'Allah ya je wurin dukawa ya karɓo karan dafi, ya je marina ya ɗebo ruwan baba. Ya rina katakon ƙasa ja, na sama shuɗi, inda suka haɗu ya bar su suka shiga juna. Da aka riƙo Tasalla ta fito ta gani, sai ta tsaya ta dogara da sandarta.

A hankali ta ce, "Bayan garinmu."

Ƙananan gyare-gyare suka ci makonni, har ya zama saura abu ɗaya. Rini a jikin katako ba ya jure ruwa, katakon ma kansa in ya sha ruwa kumbura yake yi. Dole a shafa masa wani abu. Nan fa kowa ya zama malami.

Da yamma dattawa suka taru a ƙofar gida suna kallon ɗaki mai ƙafa. Cikinsu akwai Mele, wani tsohon Babarbare masassaƙi, wanda rabin akusan Roni daga hannunsa suka fito.

Hamma ya ce, "A shafa man shanu."

Mele ya ce, "Bafillatani ko rufin ɗakinsa ne ke yoyo, man shanu zai ce. So kake karnukan Kazaure su raka su har Kanya?"

"To kai faɗi naka, bawana."

"Bari dai in gama da na sauran bayin."

Wani ya ce ƙaro, ai yana sheƙi. Mele ya ce ƙaro ko ƙanshin ruwa ya ji narkewa yake. Wani ya ce man gyaɗa. Mele ya ce tururuwa za ta gode, awaki kuma su lashe sauran. Aka ce makuba, ya ce wannan ta bangon ƙasa ce.

Sannan ya juyo wurin Na'Allah.

"Ɗana, ka nemi man kaɗanya da kakin zuma, ka narka su tare. Da hantsi, in katako ya ɗumama, ka murza masa kaɗan da tsumma, ka bari ya sha, ka goge. Gobe ka sake. Haka za ka yi ta yi har ya ƙi sha. Bayan nan kuma duk ranar kasuwa ka waiwaye shi."

Na'Allah ya ce, "Duk ranar kasuwa? Baba Mele, ni abin da nake nema shafi ɗaya ne, a yi a gama."

"Ban san wannan ba."

"Akwai shi. Banish sunansa, man sheƙin katako na Turawa."

Sai Na'Allah ya shiga ba su labarin taragon manyan Turawa da ya taɓa gani a Ikko. Katakonsa kamar ruwan rijiya da tsakar rana, mutum ya ga fuskarsa har ƙwayar ido. Tun ranar da ya gan shi yake mafarkin Inna a cikin irinsa, mutane suna tsayawa a bakin hanya suna tambayar uwar wa ce wannan. A ransa yana jin in ya yi mata wannan, shekarun nan goma sha ɗaya za su goge gaba ɗaya.

Mele ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "To ba laifi. Ka yanki guntun katako ka shafa masa, ka jefa kan rufi ya kwana goma a rana, ka zuba masa ruwa. In ya tsaya, ni ma ka sammini."

Na'Allah ya yi dariya. "Baba, wannan fa ba akushi ba ne."

Mele ya ɗauki gizagonsa ya rataya a kafaɗa, ya ce, "Haka ne. Allah ya ba da sa'a." Ya tafi.

Washegari Na'Allah ya hau mota sai Kano. A wani kanti ya ga gwangwanin banish, ya ce a ba shi. Akawun kantin ya tambaye shi aikin me zai yi, ya faɗa masa.

Akawu ya ce, "Malam, wannan na tebur ne da kujerar cikin ɗaki. Na waje ya ƙare, sai kaya sun iso daga teku."

"Banish ai banish ne. Shekara nawa na yi ina wannan aiki?"

A gaskiya shi katako yake yankewa a ma'aikata, masu shafi daban suke. Amma bai faɗi wannan ba.

Ya dawo ya shafa da tsakar rana don ya bushe da wuri, ya lafta mai kauri, sau uku cikin kwana biyu. Kuma wallahi ya yi kyau. Ɗakin ya riƙa walƙiya kamar an tsamo shi daga tafki. Mata in za su rijiya sai sun ratse sun gyara ɗaurin kallabi a jikinsa.

Sai da gwangwani ya ƙare ƙaf sannan ya tuna da murfin taga. Tun ranar rini ya ajiye shi a ɗakin Inna kafin maƙeri ya gama masa ƙarfen maƙalawa, ya manta. Da ya ɗauko ya ga ya yi duhu, ba sheƙi ko kaɗan. Ya maƙala shi a haka, yana jin kunyarsa kamar faci a sabuwar riga.

Matsala ta fara daga wari. Inna ta shiga ta kwanta don gwaji, ba a jima ba ta ce a fito da ita, abin yana hawa mata kai. Aka ce a bari ya sha iska. Kwanaki suka yi ta tafiya, zafin bazara yana dukan ɗakin. Na'Allah ya fara ganin wasu ƙananan ƙuraje suna tasowa a gefen da rana ke bugu. Yakan danne su da babban yatsa, ya waiwaya ko wani ya gani.

Aka sa ranar Alhamis za a tashi. Ranar Laraba da la'asar gabas ta haɗe, iska ta kwanta, sai ga ruwan farko.

Yana tsaye a bakin zaure yana kallo. Da fari ruwan ya riƙa zamewa, har ya fara murmushi. Can sai sheƙin ya soma dushewa, ya koma fari kamar an watsa nono. Ƙurajen nan suka fashe, ruwa ya shiga ta ƙarƙashi, banish ya riƙa ɗagowa yana saɓulewa kamar saɓar maciji. Ja da shuɗi suka biyo ruwa suna gangarowa kan tayoyi. Samaniyar Kanya ta zube a tsakar gida, ta bi kwata ta fita waje.

Da aka ɗauke ya je ya taɓa. Katako ya sha ya kumbura, ƙofa ta ƙi rufuwa, shimfiɗar gado ta jiƙe sharkaf.

Sai idonsa ya kai kan murfin taga.

Ruwa na zaune a kansa ƙwaya-ƙwaya kamar duwatsun wuya. Ya sa yatsa ya taɓa ɗaya, ta gangara ta faɗi, wurin a bushe. Jansa na nan, shuɗinsa na nan.

Tasalla ta fito da sandarta tana taka ruwan rini.

Ya ce, "Inna, me kika yi wa wannan murfin?"

"Ni? Ban yi masa komai ba. Man fasona ne."

"Man faso?"

"Wanda nake shafa wa dugadugaina, man kaɗanya da ɗan kaki. In na gama, ragowar da ke hannuna ina zan kai? Ga katako a gefen gado, sai in goge a jikinsa. Kullum safe. Ina shafawa ina kallon launin, ina gaishe da Saude."

Ya lissafa a ransa. Ya fi kwana arba'in.

Ta dubi ɗakin da ya yi dabbare-dabbare, ta dube shi. "Kada ka damu, Baƙo. Na saba zuwa a mafarki."

Wannan magana ta fi ruwan dukansa.

Da sassafe ya nufi gidan Mele. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa. Tsohon yana sassaƙa, bai ɗago ba.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau. Sai dai nan akushi muke yi, ban san ko ka yi ɓatan hanya ba."

"Baba, na yi kuskure. Na raina abin da ban sani ba. Ka yafe mini, ka koya mini."

Mele ya busa ɓawon itace daga cikin akushin, ya juya shi a hannu.

"Banish ɗinka riga ce, ɗana. A kan jiki take zama. In rana ta yaga ta, ruwa ya shiga, ba ya samun hanyar fita. Mai kuwa abinci ne, ciki yake shiga. Illarsa ɗaya, ba a ci sau ɗaya a ce an gama. Tashi mu je in ga ɓarnar."

A hanya suka ci karo da Hamma. Ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce, "Wannan ruwan shuka ne. Huɗa da sauran kamar kwana ashirin. Biyar zuwa, biyar dawowa. Goma ke hannunka, kafinta. Kada ka bari Babarbaren nan ya cinye su da surutu."

Mele ya ce, "Ka je ka tambayi shanunka, sun fi ka sanin kwanan wata."

Kwana uku Na'Allah yana kankare banish da fasasshiyar kwalba, har yatsunsa suka tsattsage. Ya bar katako ya bushe, ya rage bakin ƙofa, ya sake rini. Mele ya narka man kaɗanya da kaki a kasko, ya nuna masa yadda ake yi: kaɗan a tsumma, a bi tsawon itace, a murza har tafin hannu ya yi zafi, a bari rana ta tura shi ciki, a goge saura.

Ranar farko katakon ya shanye kamar bai ga komai ba. Ta biyu ma haka. Na'Allah ya ce ko a lafta da yawa a huta. Mele ya ce, "Ka taɓa ganin an ɗura wa mutum abincin mako a zama ɗaya?"

Sai ya haƙura. Kullum da hantsi yana murzawa, Inna na zaune a inuwa tana kallo. Tun yana ƙidaya allunan da suka rage har ya daina. Ya fara sanin kowane katako, mai ƙulli da mai ƙishi da wanda ke ƙoshi da wuri. A cikin wannan murza ne ya ba ta labarin teku, ita kuma ta ba shi labarin rasuwar mahaifinsa, wadda ba ya nan aka yi, bai kuma taɓa tambaya ba.

Ranar da kwana goman Hamma suka cika, Mele ya guntsi ruwa ya fesa a bango. Ƙwayoyin suka tsaya, suka gangaro.

Ya ce, "Bai ƙoshi sosai ba, amma zai kai ku. Ka tafi da kaskon. Duk inda kuka kwana, da safe ka ba shi."

Ba mai ganin fuskarsa a jikin ɗakin yanzu. Launin ya nutse ciki, jan ya yi zurfi kamar garwashin da toka ta fara rufewa.

Suka kama hanya. Duwatsun Roni suka yi ta ja da baya a hankali, kamar ba sa son rabuwa. Shuka ta fara tsirowa, shamuwa na tsaye a kan kukoki. Mutumin da ya saba keta ƙasa cikin kwana biyu a jirgi, ga shi yana tafe a gefen bijimai, yana jin kukan kowane tsuntsu. Inna ta tokare murfin taga da kara, tana kiran sunayen garuruwa kafin a iso su.

Bayan sun wuce 'Yankwashi ruwa ya tare su a fili, ba gida ba bishiya. Na'Allah ya rufe taga, ya tsaya riƙe da igiyar shanu, ruwa na dukansa, idonsa na kan bango. Ruwan ya yi ta sauka yana zamewa. Da aka tsagaita ya buɗe ƙofa ya leƙa.

Inna barci take. Ko gefen zanenta bai jiƙe ba.

Ranar ta biyar da yamma suka shiga Kanya Babba. Aka riƙo Saude aka fito da ita ƙofar gida, ta rame kamar kara. Sai a lokacin suka san abin da falke bai faɗa ba: shekara uku ke nan idonta ya tafi.

Tsofaffin biyu suka riƙe juna. Can Saude ta ce, "Yaya, an ce a cikin ɗaki kika zo. Kai ni in gani."

Aka ɗora hannunta a bango. Ta shafa a hankali, ta bi katakon har bakin taga, sannan ta kai tafin hannun hancinta. Ta tsaya cak.

"Ƙanshin ɗakin Innarmu," in ji ta. "Man da take shafa mana a ƙafa in mun dawo daga rijiya."

Ta jingina kuncinta da katakon. "Wane launi ne?"

Tasalla ta ce, "Bayan gari, da almuru."

"To na gan shi."

Na'Allah na tsaye riƙe da tsumman shafi. Ya tuna madubin da ya so ya kawo, ya tuna warin da ke hawa kai, ya sunkuyar da kai ƙasa.

Saude ta ce, "Wane ne ya yi wannan aiki? Baƙon nan da aka ce ya dawo?"

Tasalla ta ce, "Ba baƙo ba ne. Ɗan gida ne. Kullum safe yana nan."

Ya mayar wa Hamma bijimansa saura kwana ɗaya a fara huɗa. Tasalla ta yi damina a Kanya, kuma a kan cinyarta Saude ta cika, ana fara yankan gero. Da ya je ɗauko ta, a cikin ɗakin nan ya dawo da ita.

An ce ƙafarsa ba ta daina ƙaiƙayi ba har ya tsufa. In abin ya motsa, sai ya ɗaura shanu ya kai wata tsohuwa ganin danginta, ya dawo. Ɗakin ya yi shekaru yana bin hanyoyin Gwiwa da Babura, duk ranar kasuwa ana ganinsa da tsumma a hannu. Gwangwanin banish kuwa Inna ta wanke shi tas, ta mayar da shi mazubin man fasonta.

Darasi: Abin da zai jure rana da ruwa ba a gama shi a shafi ɗaya. Iyaye da 'yan uwa ba babbar kyauta mai sheƙi ta rana guda suke jira ba, hannun da ke dawowa kullum suke nema, ko da kaɗan ne a cikinsa. Kada kuma abin da ka gano a nesa ya sa ka raina ilimin tsohon da ke ƙofar gidanku. In kana da wanda ka daɗe ba ka waiwaya ba, fara yau, gobe ka sake. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, musamman waɗanda tafiya ta yi nisa da su.